Murfin da Ƙaimi Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ta fara tafasa, Doña Herminda Quilodrán ta bakin tafkin Calafquén take sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar murfin ƙaton bahon wanka na katako da ke bayan gidanta, wanda ya cika ranar Talatar da ta wuce, bayan jinyar da bai cancanta ba. Ya rasu yana da shekara takwas. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, kuma duk mai cewa tsufa ne ya zo ya faɗa a gabanta.

Marigayin ya iso gidan nan daga Temuco a bayan akori-kura, fatarsa ruwan ƙasa, cikinsa farin soso a naɗe cikin leda. Aikinsa guda ne, kuma bai taɓa fashi ba. A hura murhun bahon da yamma, a rufe, shi kuma ya riƙe zafin ruwan har gari ya waye. Dusar ƙanƙara ta sauka a bayansa, ya ɗauka. Dutsen can mai aman wuta ya yi amansa na toka, ya ɗauka. Kajin maƙwabta sun yi masa abin da kaji ke yi, bai ce uffan ba. Iyakar maganarsa a duniya ita ce “fuuu” idan an ɗaga shi da safe tururi ya taso, sai “dif” idan an mayar.

Ita ma Doña Herminda ta riƙe amana. Sabulu mai laushi take wanke shi da shi, ta shafa masa mai don kada rana ta tsattsage fatarsa. Da tsintsiya take share masa ƙanƙara, ba ta taɓa kai masa shebur ba. Duk lokacin zafi sai ta zuge zif, ta fito da soson ya sha iska, ta juya shi, ta mayar. Jikokinta ma sun san wanda ya ɗora gindinsa a kan murfin nan zai kwana da kunne mai zafi.

Ya rasu ya bar bahon, wanda yanzu yake kwana baki buɗe yana tara ganye da kwaɗi. Ya bar murhu da tsani da madauri huɗu, dukansu cikin zaman makoki. Ya kuma bar Don Belarmino, maigidan, wanda shi ne maraya na gaske. Sanyin ƙashi ya daɗe da kama gwiwoyin dattijon nan. In dai ya shiga ruwan zafi da sassafe, gwiwoyin sukan saki, ya taka da ƙafarsa har wurin amyoyin zumarsa. Tun da murfin ya kwanta ciwo, ruwan safe ya zama na kogi, Don Belarmino kuma ya koma zaman kujera yana leƙen ƙudan zumarsa ta taga. Wannan ne abin da ke cin Doña Herminda, kuma wannan ne ba za ta yafe ba.

Ciwon ya fara ne ranar bikin 'yancin kan ƙasa, sha takwas ga Satumba. Dangi sun cika gida, nama na kan wuta, ita tana kicin tana suyar empanada, samosarsu mai nama. Sai ga ƙanin maigida, Nibaldo, mutumin da furfura ta cika kansa amma hankali bai samu wurin zama ba. Ya sha adon mahaya, da faffaɗar hula, da ƙaimi a dunduniya mai girman faifan shayi, alhali rabonsa da hawa doki tun kafin ya yi tumbi. Aka saki kiɗan kuweka, rawar gargajiyar da mace da namiji ke zagaye juna. Ruwan sama ya mayar da tsakar gida caɓi, Nibaldo kuwa ba zai ɓata takalmansa ba. Ya duba ya ga fili mai tsabta, shimfiɗaɗɗe, ya hau tsani ya haye kan marigayi, yana kaɗa hankici yana dirka ƙafa. Katakai biyu da take gittawa a ƙarƙashi saboda nauyin ƙanƙara su ne suka hana shi zurmawa cikin ruwa. Wallahi da ta sani da ta zare su tun safe.

Washegari ta ga hujojin, ta liƙe su da gam. Ashe ledar ciki ma ta huje. Tururi ya riƙa shiga soson a hankali, marigayi ya fara nauyi, bayansa ya lotsa ruwa na kwanciya a ciki, ya fara warin tsumma. Mai cewa “fuuu” ya koma cewa “caɓal”.

Ta tari Nibaldo da maganar, ya washe baki.

“Haba matar yaya, a kan murfi? Ai kyanwa ce. Kuma fa abin nan ya tsufa, ke ce ba kya son rabuwa da tsofaffin kaya. Dubi yayana ma har yanzu kina riƙe da shi.”

“Kyanwa mai ƙaimi? To ko dai ka sayo sabo, ko ka riƙa zuwa da asuba kana hura wa ɗan'uwanka wuta.”

“Ni da asuba? Ko ranar aurena sai da aka tashe ni.”

Don Belarmino, da ba ya son tashin hankali, ya ce daga kujerarsa, “Rabu da shi, Minda, yaro ne.” Yaro! Yaron da ya aurar da 'ya'ya biyu.

Ranar Talata ta kama madauri za ta ɗaga, sai ta ji “ƙas”. Ya karye a tsakiya, ya tafi ke nan. Ta yi kukanta, sannan ta zuge zif don yi wa gawa wanka. A nan marigayi ya yi mata alherinsa na ƙarshe. Abin da fata ta ɓoye, soso bai ɓoye ba. A gefen kowane karcen ƙaimi akwai 'yan ramuka masu zurfi, sawun takalmin mace mai tsinin dunduniya, suna zagaye sawun Nibaldo kurkusa, kusancin da ya wuce na kuweka. Ita kuwa matarsa, Doña Otilia, ranar tana Temuco tana jinyar mahaifiyarta, kuma kowa ya san ba ta taɓa sa takalmi mai tsini ba. Kowa ya kuma san abin da ta yi da gilashin motarsa bara, a kan murmushin da ya yi wa wata kawai.

Doña Herminda ta aika aka kira Nibaldo rumfar itace, ta yaye tamfol, ta nuna masa.

“Zo ka yi bankwana da shi. Ranar Lahadi za a shimfiɗe shi a tsakar gida, ciki a buɗe. Na tanadar wa Otilia kujerar gaba.”

Ya duba, ya sake dubawa, ya cire hula.

“Matar yaya, ai ba a haka tsakaninmu.”

“Da can ba a yi. Ga gatari nan a bayanka.”

Saboda haka ake sanar da jama'a cewa hayaƙin da suke gani yana tashi daga bayan gidan tun kafin fitowar rana ba gobara ba ce. Nibaldo ne yake fasa itacensa, yana hura murhu, yana gwada ruwa da gwiwar hannu, sannan ya riƙo yayansa ya hau tsani. Jiya Don Belarmino ya kai har amya ta biyu da ƙafarsa, yana ta sa wa ƙaninsa albarka, yana cewa ashe yaron nan yana da zumunci. An auna bakin bahon, an aika Temuco a ɗinko magaji, da sunan Nibaldo da aljihunsa. Maɗinkin ya ce sai nan da wata guda ko fiye, Doña Herminda ta ce kada ya yi gaggawa, aiki mai kyau take so.

Game da jana'iza, an ɗage ta. Gawar tana rumfar itace a naɗe cikin tamfol, an sa kwaɗo, makullin yana wuyan mai makoki. Ana karɓar gaisuwa kullum da la'asar, akwai shayi da burodi, kuma an fi son busasshen itace a kan furanni. Kowace safiya Nibaldo yana tambaya yaushe za a binne, yana cewa shi zai haƙa ramin da hannunsa, kyauta. Ana gode masa. Amma Doña Herminda ta ce zuciyarta ba ta yi ƙwarin rabuwa da marigayi ba tukuna, kuma ba ta jin za ta yi muddin Otilia na da rai da lafiyar ido.