Yawun Hajiya

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na raka mahaifiyata Hajiya karɓar sakamakon gwaji a wani kilinik da ke unguwar Kajehun. Da gemuna da 'ya'yana huɗu, amma sai da na so ƙasa ta tsage in shige.

Hawan jini ne ya sa Hajiya a gaba. Sau uku ana canza mata magani, kowanne da tasa tsiyar. Wani tari, wani kumburin ƙafa, na ƙarshen kuwa jiri yake sa ta, har ta koma yin salla a zaune. Wannan ya fi komai ci mata rai. Ni ma na tsorata, don ranar da ta faɗi a bakin famfo na ɗauka shi ke nan. Sai muka dace da wata matashiyar likita da ta ce ita ba ta aikin canki-canki. Za a ɗauki yawun Hajiya a aika ƙasar waje, a duba ƙwayoyin halittarta, a ga maganin da jikinta ke karɓa. Ni ne tafinta, saboda likita Faransanci take yi, na Hajiya kuwa bai wuce gaisuwa ba (dillancin motoci nake yi a garin Seme, kuma duk takardar da ta shigo gidanmu ni ake kira in karanta, abin da ya daɗe yana fasa mini kai).

Ina gama fassara Hajiya ta gyara mayafi. Ta ce ita da ko gashin da ta taje sai ta binne shi, ko farce ba ta bari a ƙasa, ita ce za ta tofa yawu a kwalba ta miƙa wa wadda ba ta san asalinta ba, har a sa shi a jirgi? Likita ta yi murmushi, ta ba ni kwalbar, ta ce in je gida in lallashe ta.

Kwana biyar ina lallashi. Na yi wa'azi, na yi magiya, har fushin ƙarya na yi, Hajiya ko gezau. Rana ta shida dabara ta faɗo mini, irin wadda ke faɗo wa mai rabin ilimi. Na ce ai ni jininta ne, nononta na sha, abin da ke jikinta shi ke jikina. Na kewaya bayan gida na cika kwalbar da kaina, na hau zem, wato acaɓa, na kai wa likita. (Likita har yaba mini ta yi, wai ba kowane ɗa ke shawo kan tsohuwa ba. Na ce mata ai sai da hikima.)

Bayan mako uku aka ba mu randebu, wato ranar ganin likita. Likita ta juyo mana da fuskar kwamfuta, ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta yi dogon bayani da Faransanci. A taƙaice dai, gwaji ya nuna mai wannan yawun namiji ne.

Hajiya ta tambayi me aka ce, na ce cewa aka yi ta rage gishiri.

"Duk wannan doguwar maganar gishiri ce?" in ji ta.

Na manta shekara talatin ta yi tana sayar da atamfa a kasuwa, yaren Fon na 'yan gari a bakinta kamar ruwa. Ta juya ta tambayi likita da kanta, likita kuwa ta ba ta amsa dalla-dalla.

"Ni? Ni da na haifi tara, Zongo kaf shaida ne?" Sannan Hajiya ta waiwayo gare ni a hankali. "Kai, yawun wa ka kawo musu?"

Na sunkuyar da kai na ce nawa ne. Wata nas da ke tsaye ta fita da sauri, amma muna jiyo dariyarta. Likita ta daure ta yi mini bayani cewa rabin halittar ɗa ne kawai daga uwa, ɗaya rabin daga uba. Hajiya ta ce lallai kuwa, wautar ta wajen ubansa ce.

Daga nan ta miƙa wa likita hannu. "Ba ni wata kwalbar. Ba za a bar sunana a ƙasar Turawa a layin maza ba." Ta yi bisimilla ta tofa. Abin da wa'azin kwana biyar ya kasa, zuciya ta yi shi nan take.

Sakamakon gaskiya ya nuna jikinta ba ya saurin fitar da maganin nan, taruwa yake yi, shi ya sa jirin. Aka canza mata wanda ya dace da ita, aka ba mu na'urar awon jini, kullum da safe in aika wa likita lambobin ta waya. Wata bai cika ba na shigo na tarar da Hajiya tsaye a kan darduma, ta yi ruku'u ta ɗago ba ta dafa bango ba. Na koma zaure na share hawaye, don daɗin da na ji bai misaltuwa.

Yanzu a majalisa ina cewa da gangan na shirya komai. Ba wanda ya yarda, har gobe abokaina "sannu Hajiya" suke ce mini, ni kuwa amsawa nake da fara'a. Na dai koyi darasi: ɗa na iya yi wa uwarsa aikin Hajji a karɓa, amma yawu, kowa nasa zai tofa.