Tantanin Dakta Abdulmuhaimin

Allah ya yi wa Gumel baiwa da Dakta Abdulmuhaimin, wanda mu 'yan majalisar bakin tasha muke kira Gagara-Tambaya. Biro huɗu a aljihu, laƙabi biyar a katin suna. Mun ƙirga.

Aikinsa haɗa tantani, wani ɓawon sinadari da ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, wanda ake son yin wayar da za ta lanƙwashe ba ta karye ba. Darajarsa duk a jerin ƙwayoyinsa take. In sun tsaya kamar sahun salla, lantarki ya wuce sumul. Sahu ya karkace, aiki ya tashi a banza. Guda ɗaya tak ya samu mai kyau, shi za a auna a Kano, a ga ko Dakta ya cancanci ɗakin bincike nasa na kansa.

Mai hankali da ya zarce Kano. Amma ina amfanin kwalliya ba 'yan kallo? Sai ya biyo ta gida ran Alhamis, daidai dawowar dattawa daga kasuwar Maigatari.

Ya ɗaga ɗan akwatin gilashi ya ce, "Jama'a, abin nan ko numfashi ba ya so. Mutum ɗaya ne ya iya shi a ƙasar nan, tawali'u ne ya hana ni faɗin sunansa."

Muka ce, "Dakta, mu fa akwati kawai muke gani."

Yabon da ba a ga dalilinsa ba bai ƙosar da shi ba. Ya buɗe murfi.

Nan Baffa, yayan mahaifinsa, dillalin raƙuma, ya miƙo hannu. "Kawo nan, ɗana, a sa masa albarka."

Gumi ya karyo wa Dakta. To amma wa ya taɓa hana baffansa abu a gaban mutane? Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Baffa ya gyara goron bakinsa, ya karanta, ya tofa. Liman ya karɓa ya ƙara. Mai unguwa ma bai yarda a bar shi a baya ba. Mu kuwa har rige-rigen amin muke.

A Kano aka ce sahu ya watse, ɗakin bincike sai wani jiƙon.

Dakta ya dawo ya shaida mana cewa na'urarsu ce ba ta kai matsayin aikinsa ba. Muka gaskata, muka ba shi haƙuri.

Yanzu yana haɗa sabo. Dattawa sun zauna sun gano cewa wancan tofin ne ya yi kaɗan. Wannan karon har Gagarawa da Sule Tankarkar an aika.