Hamadar da Na Je Nema Faransa

Shekarar da fari ya ƙarar da dabbobi, soja na mulki, na samu burs ta karatu a Faransa. Na ƙudura a raina cewa in na tafi ba zan dawo ba. Aka miƙo mini jerin fannoni, na zaɓi ilimin gano ruwa a ƙarƙashin hamada. Dabarata ita ce, tunda masanansa kaɗan ne, Turawa ba za su bari in kuɓuce musu ba.

Na je maƙera a Dagmanet na bayyana wa ɗan kawuna Ilyas wannan hikima. Bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, azurfa kawai ya sani. Ya ci gaba da goge sarƙar hannunsa, ya ce, "Yaya, akwai hamada a can ne?"

Na yi masa dariyar masu boko.

Bayan shekara biyar na kai diplom ɗina wurin neman takardar zama. Matar da ke wurin ta karanta, ta yaba sosai, ta ce lalle ƙasata na jirana. A waje kuwa ruwan sama ake yi kwana tara.

Bayan na dawo gida, Ilyas ya je kasuwar baje koli a Faransa da ƴar gudumarsa. Hannun nan nasa mai albarka ya sa Turawa suka riƙe shi, har da takardar zama ta shekara goma.

Duk hutu in ya zo gida sai ya same ni bakin rijiya, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Yaya, na sake dubawa. Har yanzu ba su yi hamadar ba."