Gajeren Sifirin da Tudun Layinmu

Tarihi ya tabbatar da cewa manyan mutane daga sama suke faɗowa. Ni tawa faɗuwar ba ta wuce inci biyu ba.

Ina da wata tsohuwar mota ja mai buɗaɗɗen sama, wadda ta girmi aurena. Mako uku na yi ina nazarin sifirin da ke rage wa mota tsayi, irin nazarin da ban yi wa digirina ba, sannan na zaɓi mafi gajarta.

Oga Danladi bakanike ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Malam, a Suleja za ka hau ta, ko a hoto?"

Na yi masa lacca a kan iska da nauyi. Ya ɗaura.

Daga gareji na wuce tasha na ɗauko surukina, wanda shekara shida ke nan yana kirana "malamin nan". Yau zai san 'yarsa ta yi dace! Muka taho kamar a kan darduma, har bakin layinmu, inda tudun rage gudu yake. Motar ta hau, ta kwanta a kan cikinta, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ga 'yan acaba sun taru, ga babu rufin da zai ɓoye ni.

Baba ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "Mun iso ne?"

Da ƙafa ya ƙarasa. Har yau da wannan tambayar ake gaishe ni, a masallaci, a makaranta, har a ɗakina.

Tudun kuwa, tun can baya ni na rubuta takardar neman a ƙara masa tsayi.