A Dawo Mini da Shekaruna Uku

Dakoro, daminar 1954

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin da ke zaɓen waɗanda za su ƙaro ilimi, mai hango makomar mutum a cikin takarda ba tare da ya taɓa ganin fuskarsa ba. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa alƙalaminka kaifi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci ƙaramin ma'aikaci, ni ne Mainassara Intalla, mai yi wa shanu allura a ƙasar Dakoro shekara takwas ke nan. Amsarku ta iso. Kun ce na ci jarrabawar shiga babbar makarantar likitocin dabbobi, har kun yaba da rubutuna, sai dai ba a ɗaukar wanda ya haura shekara ashirin da biyar, ni kuwa takardata ta ce ashirin da shida. Layin farko a tsaye na karanta shi, na biyun kuma sai da na nemi wurin zama. Ina neman izini in jera kukana.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, ban taɓa zaɓen komi a rayuwata ba sai sau ɗaya. Lakwal, wato makarantar boko, ba ni na zaɓe ta ba. Ran da gardi, dogarin gwamnati, ya zo rugarmu neman yaran boko, kowa ya shige daji, ni aka kama, don duk cikin yaran na fi kowa rashin gudu. Daga baya na ji ana cewa basirata aka gano. Ban taɓa musantawa ba.

Na biyu, zaɓen nan guda da na yi. Da na samu sartifika ina da shekara goma sha biyar, sai aka ce ana neman masu allurar shanu, amma sai mai goma sha takwas. Da zan ce tausayin dabbobi ne ya ja ni, da na yi maka ƙarya ta biyu. Gajeren wandon kaki na gani, da raƙumin aiki, da yadda 'yan mata suke sassauta guga a bakin rijiya idan ma'aikaci ya gifta. Na je na tasa Kawu Agali gaba, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Kwana huɗu ina magiya. A na biyar ya bi ni gaban kumandan, Baturen mulki, ya shaida cewa an haife ni damina uku kafin shekarar da fara ta cinye gonaki, ya dangwala yatsa a tawada. Alhali duk wanda ya san gidanmu ya san a shekarar farar aka haife ni, ana cin ganye. Na shiga biro, wato ofishin kumandan, ina yaro, na fito kafin azahar ina magidanci. Ina tambaya cikin ladabi: ofishin da ya iya ba mutum shekara uku a hantsi ɗaya, yaya karɓarsu za ta gagare shi?

Na uku. Ko ba don ni ba, a duba mutuncin mahaifiyata, Aisata. Shekara ɗaya kafin zuwan farar aka yi mata aure. Bisa takardarku, ke nan ina da shekara biyu aka ɗaura shi. Ran da na yi gangancin bayyana mata wannan, ta ajiye taɓarya ta dube ni ta ce, "Ashe da ƙafarka ka rako ni ɗakin ubanka? To sannunka da rakiya." Har yau idan na yi mata gardama, babban baƙo take kirana.

Na huɗu. Ku kuka koya mini cewa makiyayi na iya ɓoye shekarun saniya amma haƙoranta ba sa ɓoyewa. Daga Korahane zuwa Tagriss babu bakin da ban buɗe ba, kuma duk abin da na rubuta kun karɓa kun buga hatimi. Me ya sa saniya ta samu wannan adalci, ma'aikacinku bai samu ba? A turo mini likita, ni a shirye nake in hangame.

Na biyar, kuma a nan kunya ta fi kama ni. A bayan littafin aiki na zana rayuwata layi-layi, kamar kunyar gero: shekara kaza in zama likita, shekara kaza gidan siminti a Maradi, da farar hular nan ta Turawa rataye a ƙusa. Har na gwada sa hannun likita ya fi sau ɗari. Matata Shafa'atu ta gani ta tambaye ni a wane layi take. Na duba sama da ƙasa, ban sa ta ba. Amma kada dariya ta rufe gaskiya, ranka ya daɗe: ina son karatun nan. Bara ciwon huhu ya kwashe rabin garken wani tsoho a Birnin Lalle ina tsaye da allura a hannu, ban san abin da zan yi ba sai ba shi haƙuri. Tun ranar hular ta fita raina, sani nake so. Da amsarku ta zo, na zaga bayan shingen shanu na yi kuka.

Na shida. Kun yi karamci kun nuna hanyar gyara: shaidan farko ya dawo ya ce ƙarya ya yi, a sake takarda kafin kamyon, motar wasiƙu, ya tashi. Abin da ba ku rubuta ba, gardi ya faɗa mini: mai shaidar zur wata uku ne a kaso, gidan yari, yana jan ruwa wa lambun bariki. Mai girma bai taɓa leƙa rijiyar Dakoro ba. Jaki ma sai ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya fito. Kawu Agali kuwa ya kusa saba'in, a zaune yake salla.

Ban faɗa masa ba, amma garin nan ba ya riƙe magana. Jiya da hantsi na iske shi a ƙofar biron aikinmu, ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaura butarsa a jiki, har da ɗan bargo. Ya ce, "Tashi mu tai wurin kumandan. Ni na aza yatsa, ni ka zuwa in ce ƙarya na yi. Wata ukku ne, ba mutuwa ba. Kai dai ka tai ka koyo abin da ka hana shanun mutane mutuwa." Ko kalma ɗaya bai yi mini ta cewa ni na sa shi ba.

Na tsaya ina kallon butar nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, na daɗe kafin in motsa. Har na ƙiyasta cewa wata uku ba su da yawa. Sannan na karɓi tabarmar na saɓa a kafaɗa, na riƙe hannunsa, muka koma gida yana yi mini faɗa duk hanya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, na fara wannan wasiƙa da niyyar roƙo, amma ina janye shi. Ku ba wanda ke bina a jarrabawar gurbin, in dai an haife shi a ranar da takarda ta yarda. Alfarma ɗaya nake nema: idan ya gama ya dawo likita, ku turo mana shi nan Dakoro. Zan riƙe masa saniya, in kuma leƙa ta kafaɗarsa in ga yadda ake yi.

Naka mai biyayya, wanda ko kun ce gobe ya cika sittin zai nemi sanda ya dogara,

Mainassara Intalla,
mai allurar shanu, Dakoro.