Kalmar Sirrin da Na Karanta wa Surukina

Ko da tsufa zai cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan ɗanmu na biyu. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Birnin Kudu (ku riƙe wannan, don da shi kunyar ta ƙara nauyi). Da na sayo na'urar waifai na kafa a falo, sai na zauna na tsara mata kalmar sirri mai tsawo, kamar yadda nake koya wa ɗalibai. Abin da na sa shi ne HadizaSanyinIdona. Hadiza matata ce. Kar ku yi mini dariya tukuna, da saura.

Tun a ranar ta ce, "Malam, takardar cikin kwalin ta ce ana iya buɗe wa baƙi tasu hanya daban, da tasu kalmar. Ka buɗe mana."

Na ce, "Hajiya, ni da ke waye malamin kwamfuta?" Ta koma kan tukunyarta.

Ranar suna mahaifinta ya iso daga Gwaram da ƙannensa biyu. Malami ne mai Islamiyya, mutum mai kwarjini, wanda ko tari ba na iya yi a gabansa. Hadiza ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba, "yarinyar nan" kawai yake cewa. Bayan an raɗa suna an yi addu'a, muna zaune a falo, sai ya ɗaga wayarsa. Yana so ya kira ɗansa da ke karatu a ƙasar waje ya nuna masa jaririn, sabis kuma ya ƙi.

Ya ce, "An ce kuna da waifai. Mece ce kalmar?"

 Na miƙa hannu biyu na ce, "Allah ya gafarta Malam, kawo in sa maka."

Ya gyara tabarau. "A'a, faɗa mini. Ina so in koya da hannuna." Baffa Sule, ƙanensa, shi ma ya zaro biro wai zai rubuta don kowa ya samu.

Na fara, harafi bayan harafi, murya kamar ta mai zazzaɓi. Malam yana dannawa da yatsa ɗaya. Da muka kai harafi na shida sai yatsan ya tsaya. Ya ga sunan. Ni kuma, maimakon in yi shiru, tsabar ruɗewa sai na ci gaba! Baffa Sule ya ɗaga takardarsa ya karanta da ƙarfi, yadda ake karanta sanarwa a masallaci: "Hadiza... sanyin... To, sanyin me?"

Na kalli tabarma. Na roƙi Allah ta buɗe in shige, ba ta buɗe ba.

Sai muka ji muryar Hadiza daga bayan labule, a natse. "Baba, ba wannan ba ce taku. Ku koma baya, za ku ga wadda aka rubuta Baƙi. Kalmarta tana jikin kati a bayan ƙofa."

Baffa Sule ya tashi ya duba. Ga kati kuwa, da rubutunta mai kyau. Ashe tun tana da ciki wata bakwai ta zauna da takardar nan da na raina, ta buɗe hanyar baƙi, ta sa mata kalma mai mutunci, har ta tsara za ta canza ta bayan taro ya watse. Mai jego ce, kwana bakwai da haihuwa, amma ita ta tuna da abin da malamin kwamfuta bai tuna ba. Gaskiya na sara mata.

Malam ya goge abin da ya rubuta, fuskarsa ko gezau. Ya ce, "Madalla. Mu baƙi a zaure muke tsayawa, ba mu shiga ɗakin masu gida." Ya kira ɗansa, aka nuna jariri, aka yi ta barka kamar ba abin da ya faru. Ban taɓa ganin dattijon da ya iya rufa wa mutum asiri irinsa ba.

Da na raka su mota da la'asar, kaina a ƙasa, na ce, "Malam, yau zan canza waccan."

Ya riƙe hannuna ya rage murya. "Kar ka canza. Uba ba ya son jin irin wannan da kunnensa, amma yana son ya san akwai ta."

Har yau tana nan yadda take. Abin da na koya shi ne, idan Hadiza ta ce a buɗe wa baƙi tasu ƙofa, in buɗe kawai. Baffa Sule kuma duk sanda muka haɗu sai ya tambaye ni ya ido.