Yadda Za Ka Tara Ƙwanji Ba Ka Taɓa Ɗaga Ubanka Ba

Kai mai zuwa gidan ɗaga ƙarfe, zo nan ka zauna. Na ji kuna ta gardama, wai a riƙa canza salon ɗagawa kowane mako ne, ko a nace wa guda ɗaya. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ƙirjinka zai fi ƙarfin rigarka, kuma ko tsinke ba za ka ɗaga a gidanku ba. A kan babban ɗana na ga aikinsu.

1. Nemi koci mai zaƙin baki.
Kocin ɗana ya ce masa wai tsoka wayo gare ta, in ta saba da abu ɗaya sai ta yi lalaci, dole a riƙa rikita ta. Ikon Allah. Na san ana rikita yaro, ban san ana rikita dantse ba.

2. Rarraba jikinka kamar naman mahauci.
Yau ƙirji, gobe kafaɗa, jibi ƙafa. Ga amfaninsa. Mijina, babansu, ɓarin jikinsa ya shanye, kullum da safe sai an ɗaga shi daga gado zuwa kujerar banɗaki, ya yi wanka ya yi alwala. In uwarka ta kira ka kama mata, ka ce yau ranar ƙafa ce, hannu yana hutu. In ta kira gobe, ka ce bayanka bai gama warwarewa ba. Ka rufe da, "Mama, ba za ki gane ba." Lallai ba za ta gane ba, tana can ta rungumo tsoho.

3. Kawo gardamar falon uwarka.
Zo da abokinka mai gyaran waya, wanda shi ya tsaya a kan a maimaita salo ɗaya. Ku baje, ku share tukunya, ku yi ta naɗe hannun riga kuna gwada wa juna ƙwanji. Zan wuce ku da zani jiƙe, ina ja da baya da kujerar. Shi abokin ya kan ce sannu Mama. Kai kada ka ce, zai katse maka hujja.

4. Gaida madubi kafin ka gaida mahaifinka.
Shi madubi ba ya cewa a juya shi.

5. Jira ranar da bayan uwarka zai ƙi.
Ranar tana zuwa. Ni na sunkuya zan ɗaga babansu, wani abu ya riƙe min ƙugu, na kasa miƙewa. Ɗan nawa ya shigo, ya ware ƙafafu, ya ja numfashi, ya cafki mataccen hannun kamar sandar ƙarfe ya fizga. Tsoho ya sulluɓe, suka zube tare a bakin gado, ƙwanjin a ƙasa, uban a sama.

Babansu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ba a fizgata. Sa kafaɗarka nan, ka jira in numfasa. Haka uwarka take yi." Da suka miƙe, sai ya tambaye shi a hankali, yau ranar mece ce a wajenku. Yaro ya sunkuyar da kai.

6. Nan dabarar ta lalace.
Washegari ba wanda ya kira shi, ya zo. Jibi ma haka. Ɗagawa iri ɗaya, mutum ɗaya, ba ranar hutu, kuma har yau ban ga tsokar ta yi lalaci ba. Ya ce da ni, "Mama, ashe nauyi gare shi."

Na ce masa bai ƙaru ba, haka yake tun ranar da ya kwanta.

Ni dai na faɗa, ba ruwana da abin da zai biyo baya. In ka bi matakan nan, wata rana aka wayi gari kai ne a kwance, lokacin salla yana wucewa, ɗanka yana ƙofar ɗaki yana ce maka yau ranar ƙafa ce, kada ka aiko a neme ni. Bayana bai warke ba tukuna.